Ɗakin gilashi ko buɗaɗɗiyar rumfa a bakin tafkin ninkaya?

Wata Hajiya ta yi tambaya: suna gini a Hanwa da ke Zariya, sun ware fili a bayan gida don tafkin ninkaya, mai zane kuma ya kawo musu zane biyu na ginin da zai zauna a bakin ruwan. Ɗaya rufaffen ɗaki ne mai manyan ƙofofin gilashi da ake zugewa. Ɗayan rumfa ce, gabanta a buɗe, da 'yan ɗakuna a bayanta. Burinta mutum ya zauna a ciki amma ya ji shi a waje. Wanne za ta ɗauka?

Hajiya, in shawarata kike nema, rumfar nan ce. Amma ɗakin gilashin ma yana da ranarsa, bari mu fara ba shi haƙƙinsa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturun Zariya ba ya wasa. Iskar arewa maso gabas tana zuwa da ƙura, da asuba ga sanyi mai shiga ƙashi. A rufaffen ɗaki kujerunki na yadi, labule da talabijin suna nan lafiya. Da damina kuma, bayan magariba, kin tsira daga sauro. Rumfa ba ta da amsar wannan sai raga, raga kuwa tana rage iska.

Matsalar tana farawa ne a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, wato daidai watannin da aka haƙa tafkin dominsu. Gilashi yana barin hasken rana ya shigo, ya gasa tayil da bango, amma ba ya barin zafin ya fita da sauƙi. In aka yi rashin sa'a ya fuskanci yamma, kafin la'asar ɗakin ya zama tanderu. Sai a rufe ƙofa, a ja labule, a kunna na'urar sanyaya ɗaki, in babu wuta a tada janareta. To ina haɗin ciki da wajen da aka kashe kuɗi a kai? Kin sake gina falo ne kawai, na biyu, a bayan gida. Ga kuma abin da masu zane ba su cika faɗa ba: ƙofar zugewa a kan siririn layi take tafiya, ƙurar hunturu tana cika layin, tayoyin su cije. Yaro jiƙaƙƙe a guje kuma ba ya ganin gilashi mai tsabta. Wanda duk zai sa, ya sa irin wanda aka gasa, mai farfashewa ƙanana-ƙanana, ba gilashin taga na yau da kullum ba.

Rumfa kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Maginan Zazzau, tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni a ƙarni na 19, da kaurin bango da inuwa suke yaƙar rana, ba da faɗin taga ba. Sai dai rumfa ba ta yin daɗi sai an dubi inda ta sa gaba. A ba arewa maso gabas baya da cikakken bango, domin daga nan hunturu ke busowa, hadarin damina ma galibi daga gabas yake tasowa da iskarsa. A buɗe gaban zuwa kudu, inda iskar damina mai laushi za ta samu hanya. Gefen yamma a toshe shi, ko da bulo mai huji-huji ne. Zurfin inuwar kada ya gaza mita 3, in ba haka ba feshin ruwan Agusta zai iske ki har kan tabarma. Rufin kuma in kwano ne a yi masa silin, a ɗaga shi sama sosai, a rataya fanka. Kwano tsirara a kan mutum da azahar azaba ce.

Wajen kuɗi ba sai an daɗe ana lissafi ba. Gilashi mai kauri da almuniyam mai kyau da na'urar sanyi sun fi ginshiƙai da rufi tsada nesa ba kusa ba, kuma su ne masu cin kuɗi kowane wata. Harajin rumfa shara ce: da hunturu safe da yamma, sannan kujerun su zama na roba ko na ƙarfe mai fenti, matasai a shigar da su ɗaki.

'Yan ɗakunan bayan rumfar su ne ainihin aikin. Ɗaya na canza kaya da banɗaki, ƙofarsa ta waje, don kada a riƙa ratsa cikin gida da jiƙaƙƙen zane. A gaya wa mai aikin fanfo tun wuri kada mazaunin ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, tunda bangon bayan yana wajen arewa maso gabas. Na biyu na injin tace ruwa da sinadarin kulorin, da makulli da tagar shan iska, domin tururin kulorin yana cin ƙarfe. In fili ya bari, a ƙara ƙaramin ɗaki mai taga da raga, na gudun sauro da sanyi. Shi ne zai yi miki aikin ɗakin gilashin, a kan kuɗi kaɗan.

Abin da ke sa ciki da waje su zama abu guda, daɓe ne. Tayil iri ɗaya daga cikin rumfa har bakin ruwa, mai kaushi, mai launi mai haske don kada ya ƙona tafin ƙafa, ba tudu ba matakala. A ba shi ɗan gangare, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa magudana, kada ruwan shara ya koma tafki.

Sai sutura, wadda a wurinmu ta fi komai. Gilashi da dare yana juyewa: fitila na kunne a ciki, na waje na ganinki, ke ba kya ganinsa. Ita rumfa bangonta na baya da rufinta suna iya tare idon benen maƙwabta, in an aza ta a gefen da benen yake. Ku hau saman ginin da kanku ku duba, ku kuma yi tunanin filin kusa da ba a gina ba tukuna. In maigida zai riƙa kawo abokansa, a fitar musu da hanya ta gefe daga ƙofar gida.

Ruwan ma a yi masa lissafi. Tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita 1.5 yana cin lita 48,000, kuma duk milimita ɗaya da ya sauka lita 32 ce ta bi iska. Da rani sai rijiyar burtsatse mai ƙarfi da marufin tafki. Darbejiya da mangwaro a nisanta su, ganyensu ba ya ƙarewa.

Ko wanne kika zaɓa, tsakanin wurin zama da ruwa a sa shinge mai tsayin mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta, musamman da yake rumfa ba ta da ƙofar da za ta tsare mai rarrafe. Kuma a sa tafkin da rumfar cikin zanen da za a kai KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, tun yanzu, kafin a kafa harsashi.