Agogon nan mai ƙirga taku bai san ɗaga ƙarfe ba

Jaka goma sha biyu na saye shi a babbar kasuwar Maraɗi, irin agogon roban nan da ake haɗawa da waya. Ta fannin caji ba ni da ƙorafi, yakan kai mako, kuma ƙurar hunturu ba ta yi masa komai ba. Idan tafiya ce, daga unguwar Zariya zuwa unguwar Mokoyo da dawowa, lissafinsa yana kama hankali. Bugun zuciya ma yana nunawa daidai gwargwado.

Inda muka raba gari da shi wajen ɗaga nauyi ne. Ni da abokaina muna da sandar ƙarfe da muka zuba wa siminti a gwangwani biyu, ita muke ɗagawa bayan sallar asuba. Sai ka yi ta fama, zufa ta jiƙe riga, cinyoyi suna rawa, ka duba agogo ka ga taku kaɗan, kamar wanda ya zagaya tsakar gida. Rannan ƙanwata ta ce, "Yaya, ara mini in gani." Ta ɗaura ta kama dakan hatsi. Kafin ta sauke taɓarya agogo ya rubuta mata tafiya mai nisa, alhali ƙafarta ba ta bar gindin turmi ba. Dalili kuwa, abin da ke ƙirga taku a cikinsa girgizar wuyan hannu kawai yake ji. Ba ruwansa da nauyin da ke hannun, ko kilo biyu ne ko hamsin.

Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Tun 2020 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi kashi biyu ce: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, sannan aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, wanda zai taɓa ƙafafu, baya, ciki, ƙirji, kafaɗu da hannaye. Agogon kashi na farko kaɗai yake gani. Shi ya sa masu binciken lafiya har yanzu baki suke bi, su tambayi mutum kwana nawa ya yi. Takardar tambayoyi kan motsa jiki ta GPAQ da hukumar ke amfani da ita a binciken lafiyar jama'a mai suna STEPS, wanda aka yi a Nijar a 2007 da 2021, tana ambaton ɗaukar kaya mai nauyi, amma a matsayin aiki mai gajiyarwa da ake ƙirga mintocinsa. Ba ta ware ƙarfafa tsoka daban ba. To ɗan dako mai sauke buhunan wake a tasha fa, ko ɗan kokowa mai shirin neman takobi, ko mai jan guga a rijiya? A wane layi za a sa su?

Akwai wurin zaɓar "ɗaga nauyi" a cikin manhajar agogon a waya, amma minti da bugun zuciya kawai yake adanawa. Nauyin da ka ɗaga da yawan ɗagawar, sai ka rubuta da kanka. Ni dai na koma wa ɗan littafin makaranta da biro.

Mai neman rage teɓa da tafiyar yamma ya saya, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Mai ɗaga ƙarfe kuwa, gara ya ƙara kuɗin ya nemi na'urar auna ƙarfin damƙa, wadda ake matsewa ta nuna kilo. Ita likitoci ke amfani da ita, kuma a ma'aunin ƙwararrun Turai na 2019, ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace alamar raunin tsoka ce.