Bakin Kogin Kaduna Ko Gindin Dutsen Kagoro?

Mai keke da ya gaji da kwalta yana son hanyar burji, zaɓi biyu gare shi a jihar Kaduna.

Bakin Kogin Kaduna shi ne na kusa ga wanda ke cikin garin Kaduna. Ka fito bayan sallar Asuba, ka bi hanyoyin masu lambu, kafin rana ta take kana gida. Hawa kaɗan ne, amma rairayi mugu ne: taya ta nutse, ka sauko kana turawa, masu ban ruwan tumatir suna maka sannu. Da damina kuwa taɓo ne har kaca.

Kagoro sai ka ɗora keken a mota zuwa Kafanchan. Can ƙasa ja ce mai tsakuwa, ga inuwar itatuwa, ga dutse ya tokare sama. Hawan yana cin cinya, gangarar tana cin birki. Na taɓa yin faci sau biyu kafin in isa ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse, ba mai faci kusa, sai wani dattijo ya ara mini famfo. Idan 1 ga Janairu ce, bikin Afan na gargajiya zai cika garin Kagoro.

Ni Kagoro nake zaɓa, da hunturu. Amma sai na tambayi 'yan gari lafiyar hanya, kuma ba na shiga daji ni kaɗai.