Lauyan kwantiragi ko lauyan ofishin kare talakawa

A Amurka tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1972, ba a ɗaure talaka ko kan ƙaramin laifi sai an ba shi lauya. To wane iri? Wasu garuruwa kwantiragi suke ba lauya mai zaman kansa, kuɗi dunƙule, ko kes nawa ya zo kuɗin ɗaya ne, shi ya sa wallahi wani sai a bakin kotu yake fara ganin wanda yake karewa, ya ce kawai amsa laifi. Haka Mount Vernon da Burlington na jihar Washington suka yi har a 2013 alƙalin tarayya ya ce sun take haƙƙin talakawa. Ofishin kare talakawa mai lauyoyi masu albashi ya fi tsada, su ma aiki na danne su, amma akwai mai duba aikinsu. Ni shi na zaɓa.