Kejin waya bai dace da ɓeran Masar ba

Maganar gaskiya, mai waldar da ya haɗa mini kejin nan a unguwarmu ya iya aiki. Ƙarfen mai kauri ne, sakatar ƙofa tana kamawa daram, kyanwa ko gafiya ba su da hanyar shiga. Sai dai samfurin kejin zomo ya yi, mai hawa biyu da ƙasan waya da rufin kwano, ni kuma ɓeran Masar yara suke kiwo.

Dabbar nan ba ta da alaƙa da Masar. Daga Kudancin Amurka ta fito, kuma 'yan uwanta na daji suna can har yau. Wanda masana suka fi ɗauka a matsayin kakanta, Cavia tschudii, yana tsaunukan Andis ne wajen Peru da Bolibiya, wurin sanyi. Wani, Cavia aperea, yana filayen ciyawa na Barazil. Ba ya haƙa rami, hanyoyi yake yi a ƙarƙashin ciyawa, da ya ji motsi sai ya shige. Har kafibara, wata dabba mai kama da ƙaton ɓera da ke iya wuce kilo 50, danginsu ne.

To dabbar da aka halitta don taka ƙasa mai laushi, tafin ƙafarta babu gashi, ita aka ɗora a kan waya. Na ɗaga macen na ga tafin ƙafarta ta baya ya yi ja ya ɗan kumbura, abin ya taɓa mini rai sosai. Ga babu maɓuya, duk su cure a lungu ɗaya. Rufin kwanon kuwa ya fi komai haɗari: zafin da ya haura digiri 30 yana iya kashe su, mu kuma a Afrilu muna wuce 40.

Na koma wajen mai waldar na ce masa, "Malam, a taimaka a cire hawa na biyun, ba sa hawa." Bai yi gardama ba, ya gyara. Na shimfiɗa katako da busasshiyar ciyawa, na kifa musu fasasshiyar tukunyar ƙasa, na mayar da kejin inuwar zaure. Ƙafar ta warke.

Mai shirin yin oda ya nemi mai faɗi, hawa ɗaya, ƙasa a rufe, kuma ya yi maganar rufin tun kafin a yanka ƙarfe.