Mok ɗin GRE: wanne za ka biya kuɗi, wanne za ka bar wa masu shi

Duk wanda ke neman gurbin mastas a Amurka, ko wani skolaship da aka ce sai da sakamakon GRE, jarabawar da ake yi wa masu neman shiga karatun gaba da digiri, dole wata rana ya tsaya yana tambayar wane mok, wato jarabawar gwaji, zai yi kuma nawa zai kashe. Tambayar na yawo sosai a tsakanin ƙannenmu da suka gama jami'o'in Umaru Musa Yar'adua da Al-Qalam da FUDMA, musamman masu jiran a kira su bautar ƙasa. Abin da nake lura da shi, mutum zai zuba kuɗi a inda bai kamata ba, sannan wanda ya fi kowanne daraja, wanda kyauta aka ba shi, ya buɗe shi a waya yana kwance yana amsa sallamar mutane.

Amma kafin maganar mok, ɗan'uwa shiga shafin sashen da kake nema ka duba ko ma suna son GRE ɗin. Tun lokacin korona jami'o'i da yawa a can sun daina tilasta shi, wasu sun ce in ka kawo to, in ba ka kawo ba ba laifi. Rajistar kawai ta haura dala 200, buga da canjin yau ka gani ko abin wasa ne.

In ka tabbatar ana so, to ka san jarabawar da za ka shiga tukuna, don da ita ake auna kowane mok. Wata hukumar jarabawa a Amurka mai suna ETS ce ke shirya ta, kuma daga Satumbar 2023 sun gajarce ta, da kusan awa 4 ce, yanzu awa 1 da minti 58 ce babu hutu a tsakiya. Rubutu guda ɗaya na minti 30, sai Turanci kashi biyu, tambaya 12 a minti 18 da tambaya 15 a minti 23, sai lissafi shi ma kashi biyu, 12 a minti 21 da 15 a minti 26. Maki daga 130 zuwa 170 a kowanne, rubutun kuma 0 zuwa 6. Ga inda gizo ke saƙar: yadda ka yi a kashin farko shi ke yanke irin kashi na biyun da kwamfuta za ta jefo maka, in ka yi ƙoƙari ta ba ka mai tsauri wanda ke kai mutum babban maki, in ka yi kwaɓa ta ba ka mai sauƙi wanda ko ka cinye shi duka akwai inda makinka ba zai wuce ba. Duk mok ɗin da bai iya yin wannan ba, makin da zai nuna maka ƙiyasi ne kawai.

Shi ya sa na farko a wurina POWERPREP ne, na ETS da kansu. Guda biyu ne na kyauta a shafinsu, kuma allon da za ka gani shi ne na ranar jarabawa, agogon nan a sama yana cin lokaci, da ɗan kalkuletan nan na kan allo, wanda in ba ka saba da shi ba zai cinye maka minti biyu a tambayar da da ka za ka yi ta. Tambayoyin kuma hannun da ke rubuta na gaske ne ya rubuta su, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ɓangaren Turanci, don tarkon ETS daban yake, amsoshi biyu za su yi maka kama da daidai sai kalma ɗaya a cikin nassin ta raba su. Matsalarsa ɗaya: ba shi da yawa. In ka gan shi sau ɗaya ya ƙone, karo na biyu ƙwaƙwalwarka ce ke tuno amsa, makin zai hau ka yi ta murna a banza. Don haka kar ka buɗe shi don "bari in ga yadda yake". Ɗaya a farkon shiri don ka san inda kake, ɗayan ka ɓoye shi sai saura kamar mako biyu.

Sai POWERPREP PLUS, shi ma na ETS amma da dala ake saye, ɗaya-ɗaya. Bambancinsa, yana ba ka bayanin amsoshi kuma yana duba maka rubutun nan na minti 30 ya ba ka maki. In kuɗin mok ɗaya kawai gare ka a duniya, nan za ka kai su, ban da wata shakka a kan wannan. Sai dai ka fara gwada katinka tun da wuri, biyan dala daga nan wani lokaci sai ya ƙi wucewa sai ka nemi wani mai katin dala ya biya maka ka tura mashi naira, kar ka bari sai ana gobe.

Kamfanonin koyarwa kuma suna nan birjik, Manhattan Prep da Kaplan da Princeton Review da Magoosh da GregMat, wasu na ba da gwaji ɗaya kyauta don su jawo ka, wasu biyan wata-wata ne. Amfaninsu yawa da bayani. Wanda ya karanta Hausa ko Shari'a ko Tarihi, rabonsa da lissafi tun WAEC, yana buƙatar ɗaruruwan tambayoyi na kaso da aljebra da kusurwa da bidiyon da zai warware masa su a hankali, kuma a nan zai samu. Lissafinsu ya fi Turancinsu kama da na gaske, a ganina, don lissafi lissafi ne, amma kwaikwayon nassin ETS da wuya. Makin da suka ba ka kar ka riƙe shi kamar sakamako, zai iya ɗarawa zai iya gazawa. Kuma bidiyo na shan data kamar me, ka saka wannan a lissafin kuɗin tun farko, in akwai hanyar saukewa da dare ka sauke. Biyan wata-wata kuma a kashe shi in an gama, in ba haka ba zai yi ta cirar kuɗi kai kana can kana harkarka.

Yanzu ga wanda kowa ya fi sani, PDF ɗin da ake turawa a guruf ɗin WhatsApp da Telegram, da littattafan da ake kai wa masu fotokwafi a yi musu bango. Arha kam akwai arha, kuma ba a cewa ba su da amfani sam, don haddar kalmomi da motsa hannu a lissafi sun isa. Amma duba shekarar bugu. Da yawansu na tsohon tsari ne, za ka ga rubutu biyu maimakon ɗaya, kashi mai tambaya 20, lokacin duk ba ɗaya ba, ka yi wata biyu kana horar da kanka a kan gudun da ba shi za ka yi ba. Ga fotokwafin da jadawali ya dushe, layin shekarar kaza da na shekarar kaza duk sun koma toka-toka, tambayar ta mutu ke nan. Takarda kuma ba ta san ka ci kashin farko ko ka faɗi ba. Masu tallar "tambayoyin da suka fito" su kuwa ka wuce su kawai, ETS na soke maki in ta ga alamar maguɗi, kuma jerin batutuwan rubutun nan da suke sayar maka yana nan kyauta a shafin ETS, daga cikinsa ake zaɓo na ranar.

Akwai kuma masu lesin da ke haɗa mok a aji. Kafin ka biya ka yi wa malamin tambaya uku cikin ladabi: Malam, daga ina tambayoyin suke, a kwamfuta za a yi ko a takarda, kuma bayan an gama za a zauna a bi su ɗaya bayan ɗaya? In amsar ta ukun a'a ce, kuɗin zama a kujera kawai ka biya. Ni na fi son ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi magana da mai wata cibiyar CBT irin waɗanda ke zaune ba aiki in ba lokacin JAMB ba, ku biya shi na awa biyu da janareto, kowa ya shiga nasa akawun ɗin. Abin da kuka saya a nan shi ne wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar lissafi ba, da ɗakin da ba mai leƙowa ya ce ana sallama da kai. Wanda ke Daura ma in bai samu a gida ba shigowa Katsina da safe ya koma da yamma ba wani abu ba ne. In kuma a gida kake niyyar rubuta ta gasken, to laftof ko kwamfutar tebur ake so mai kyamara, waya ba ta yi, kuma ba a yarda da takardar rubutu ta yau da kullum ba sai ƙaramin farin allo, ko takarda ɗaya a cikin leda mai garai-garai, da maka mai gogewa, don haka mok ɗinka ma da allon za ka yi shi.

Masu neman MBA, wato mastas na kasuwanci, da jarabawar GMAT, maganar ɗaya ce: GMAC, masu shirya ta, na da gwaji biyu na kyauta a mba.com, jarabawar awa 2 da minti 15, kashi uku kowanne minti 45, maki 205 zuwa 805. Littafin da aka buga kafin 2023 tsohon tsari ne shi ma.

Ko wanne ka saya, aikin yana bayan an tashi. Sami littafin rubutu mai 60 ka ware shi, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta dalili: ban san abin ba, na sani amma na yi gaggawa, ko lokaci ne ya ƙare. Har waɗanda ka ci da canki-canka ka saka su. Mok na awa biyu ya kan ci awa uku ko huɗu wajen bita, kuma ɗaya a mako ya isa, mai yin uku a mako ba ya gyara komai, awo kawai yake ta yi wa buhu ɗaya. In rabin shafin "lokaci ya ƙare" ne, ba sabon littafi kake buƙata ba, koyon tsallake tambaya ka dawo mata kake buƙata, tun da GRE na barin ka koma baya a cikin kashi ɗaya kuma ba a rage maki don ka faɗi, kar ka bar ko ɗaya ba amsa.

Ranar rajista kuma kar ka saka ta sai makin mok ɗin ETS ya kai kusa da abin da sashenka ke nema. In aka samu akasi sai bayan kwana 21 za a bar ka ka sake, da sabon biya cif, don haka ka bar wannan tazarar tsakaninta da ranar rufe karɓar takardu.