Furojet kan hankalin yara a Zariya: ina za ka dosa?

In ka shiga aji huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru kana son furojet kan yadda hankalin yara ke buɗewa, hanya uku ce a gabanka, kuma ni ɗaya nake so.

Asibitin koyarwa na Shika da cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau akwai yara, amma sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, kuma aikin ya fi dacewa da ɗaliban likitanci. Raba wa iyaye takardar tambayoyi kuwa, abin da zai fitar da su kunya za su rubuta maka.

Ta uku, wadda nake so: nemi malamin da ke da bincike a hannu, ka bi shi makarantar nasare ko Islamiyya, ka zauna kan tabarma da yaran. Gwajin Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan, kofi uku kawai yake buƙata. Ka zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, ka juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gaban yaro, ka tambaye shi wanne ya fi ruwa. Ɗan shekara 4 zai rantse na dogon ya fi yawa, ɗan 8 kuwa kallon ka raina masa wayo zai yi maka. Sai dai yaranmu an hore su kada su musa wa babba, kana maimaita tambaya sai yaro ya zaci ya yi kuskure, ya canza amsa. Wannan kaɗai ya ishe ka babi guda. Da Hausa za ka yi tambayar, da izinin hedimasta da na iyaye a rubuce.

Amma ka kiyayi masu shagon kwamfuta da ke cewa «kawo take, karɓi babi biyar jibi». Tsohon furojet ne suke canza wa suna da shekara, Turnitin kuma, manhajar da ke kama aikin da aka kwafa, ba ya barci. Mafi haɗari su ne masu cewa za su yi maka lissafi da manhajar ƙididdiga ta SPSS. Ni na kai wa wani bayanan yara 40, ya dawo mini da tebur mai yara 120, wai don aikin ya yi kauri. Ranar kare furojet wata malama ta ce, «Ɗana, ragowar tamanin ɗin a wace unguwa suke?» Gumi har cikin takalmi. Ka ce a yi lissafin kana zaune, ka riƙe takardunka na asali, kada ka biya sisi sai ka ƙirga yaranka a teburin.