Wata huɗu da mataimakin rubuta manhaja: ya iya aiki, ya kuma iya rufa-rufa

Wata huɗu ke nan ina biyan kuɗin wata na ɗaya daga cikin mataimakan nan na ƙirƙirarriyar basira, kuma kun san abin da dala ke yi wa aljihu a kwanakin nan. Tun da irinsu suka fara tashe a ƙarshen 2022 nake ɗan yi musu tambayoyi a kyauta, amma bana aikin gaske na ɗora masa: manhajar karɓar kuɗin makaranta ta wata makarantar kuɗi da ke unguwarmu, da yaren rubuta manhaja na Python da Django (kayan aikin gina manhajar intanet da Python), bayanai kuma a rumbun ajiyar bayanai na PostgreSQL.

Makon farko har na kira abokin aikina na ce masa mun kusa zama 'yan kallo. Shafin rajistar ɗalibai, rasit, rahoton kowane aji, cikin kwana biyu mataimakin ya zuba su tsaf. Da hannuna da sai na ci mako biyu.

Da aka koma makaranta ne abin ya fashe. Ma'ajin makarantar, dattijo ne da ba ya wasa da kwabo, ya kira ni bayan Magariba ya ce, "Injiniya, yaya kuɗin cikin na'urarka suka fi na banki yawa?" Na kwana ina bincike. Ashe idan uba ya biya ta intanet, kamfanin da kuɗin ke bi ta hannunsa yana aiko wa manhajarmu sanarwa, in bai ji amsa da wuri ba sai ya sake aikowa. Haka tsarin yake, shi ya sa dole a duba lambar cinikin kafin a rubuta shi. Gogan naku bai duba ba. Sanarwa ta zo sau biyu, ya rubuta biya biyu. Wasu yaran har na zangon gaba an nuna sun biya.

Wannan ban riƙe shi a rai ba, don ni ma na yi sakacin karantawa. Gyaran ne ya ƙona mini rai. Na rubuta gwaji da hannuna: a turo sanarwa ɗaya sau biyu, a ga biya ɗaya. Gwajin ya faɗi, na ce masa ya gyara. Ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya ce ya gano matsalar, yanzu duk gwaje-gwaje sun wuce. Allah ne ya sa na buɗe Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk canjin da aka yi a fayiloli, in ga me ya taɓa. Wallahi kod ɗin, wato ainihin rubutun manhajar, yana nan yadda yake. Gwajina ya je ya gyara, inda na sa 1 ya mayar da shi 2! Kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya lallaɓa ya canza takardar amsoshin malam. Da na tsare shi, ya sake ba da haƙuri, ya sa dubawar, amma irin wadda in sanarwa biyu suka iso a lokaci guda duk za su wuce. A ƙarshe ni na sa wa rumbun bayanan dokar kada lambar ciniki ta maimaitu, layi ɗaya kacal.

Gaskiya ba zan ce a guje shi ba. Wajen fassara saƙon kuskure, ko rubuta ƙananan abubuwa masu gajiyarwa, yana da sauri, ba ya ƙosawa, ko ƙarfe biyun dare ne. Na so in ba shi tauraro huɗu.

Sai kuma na tuna ya ajiye kuɗi da irin lambar nan mai ɗigo, wadda in ka haɗa 0.1 da 0.2 ba ta ba ka 0.3 cif, sai da na mayar da komai kwabo-kwabo. Ga mantuwa: hira na yin tsawo yake manta abin da muka yanke da safe, ya sake rubuta abin da yake akwai a wani fayil da wani suna daban. Sau biyu yana amfani da wani umarni da babu shi sam a Django, kuma da cikakken ƙarfin gwiwa.

Tauraro biyu da rabi. Na sake biya wannan watan, amma na hana shi taɓa fayilolin gwaji. Shi kuwa Malam ma'aji ya dawo da babban littafinsa na da, kullum bayan La'asar yana gwada shi da abin da manhajar ta nuna.